Babi na Shida: Alƙalin Malikawa da Ya Rubuta Tarihin Makka

Bagadaza ta sami wanda ya rubuta tarihinta, Alkhaɗibul Bagadadi, da ya rasu a 1071. Dimashƙa ta sami Ibn Asakir, da ya rasu a 1176 ya bar mujalladi 80. Makka kuwa, garin da kowane Musulmi yake fuskanta sau biyar a yini, ta yi kusan shekara 500 babu wanda ya zauna ya rubuta tarihinta a jere. Azraƙi da Fakihi sun yi nasu a ƙarni na uku bayan Hijira, daga nan aka ajiye alƙalami. Kuma ba abin rubutawa ne ya ƙare ba. A cikin waɗannan shekarun ne Ƙarmaɗawa suka afka wa garin a 930, suka kashe alhazai, suka ciro Hajarul Aswad suka tafi da shi, bai dawo ba sai bayan shekara 22. A cikinsu ne Sharifai suka kafa sarautarsu, Ƙatada bin Idris ya ƙwace mulki a wajen 1200, jikokinsa suka riƙe shi har 1924. A cikinsu ne Mansa Musa ya zo daga Mali da zinariyarsa. Duk wannan ya faru, amma wanda yake son labarin sai ya tsinto shi a littattafan mutanen Masar da Sham, ko a bakin matafiya irin su Ibn Jubair da Ibn Baɗuɗa, waɗanda suka zo, suka gani, suka wuce.

A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gadon sarauta yana wani wuri, a Bagadaza ko Alƙahira, kuma marubutan tarihi sun fi taruwa inda ake da fada. Malaman Makka da yawa baƙi ne, wani ya yi shekara biyu, wani goma, ya koma gida. Waɗanda suka zauna kuma hankalinsu ya fi karkata ga falalar garin da hukunce-hukuncen aikin hajji, domin abin da alhaji yake tambaya ke nan. Tsarkin Makka ya rufe rayuwarta ta yau da kullum. Mutane suna ganin Ɗakin Allah, ba sa ganin kasuwa da rijiya da kotu da farashin alkama.

Wanda ya cike wannan giɓi shi ne Taƙiyuddin Muhammad bin Ahmad bin Ali Alfasi. An haife shi a Makka a watan Rabi'ul Awwal na shekarar 775 bayan Hijira, wato 1373. Sharifi ne daga tsatson Sayyidina Hasan, kuma kakan mahaifinsa ne ya taso daga Fas ta ƙasar Maroko ya zauna a Makka, ya zo da mazhabar Malikiyya irin ta mutanen yamma. Ta wajen uwa kuma ya fito daga gidan Nuwairi, gidan alƙalan Shafi'awa da masu huɗubar Harami. Ƙuruciyarsa a Madina ya yi ta, lokacin da kawunsa Muhibbuddin Annuwairi yake alƙalanci a can, sannan ya dawo Makka yana ɗan shekara 13 ko kusa da haka. Tun yana yaro ke nan ya san yadda ake shigar da ƙara, yadda ake rubuta takardar waƙafi, da inda manya suke ajiye tsofaffin takardu. Wannan sanin ya yi masa rana daga baya fiye da yadda kowa zai zata.

A 797 ya fara fita neman ilimi. Ya je Alƙahira, ya je Dimashƙa da Ƙudus, daga baya ya je Yaman fiye da sau ɗaya. Ya yi karatu a wajen manyan masana hadisi na zamaninsa, Zainuddin Al'iraƙi da Nuruddin Alhaisami da Bulƙini da Ibnul Mulaƙƙin. Ya ɗauki ilimi a wajen Fairuzabadi mai Ƙamus. Ya haɗu da Ibn Khaldun a Masar, yana kuma lissafa shi cikin malamansa. Abokin yawon karatunsa shi ne Ibn Hajar Al'asƙalani, wanda ya girme shi da shekara biyu kacal. Tare suka riƙa zagaya tsofaffin malaman Dimashƙa suna sauraron hadisi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin Alfasi bai shiga tarihi ta ƙofar fada ba, ta ƙofar hadisi ya shiga. Tambayar farko da aka koya masa ita ce: wa ya gaya maka, shi kuma daga wa ya ji, kuma sun taɓa haɗuwa kuwa? Da wannan tambayar ya tunkari garinsu.

A watan Shawwal na 807, wato 1405, Sarkin Masar Annasir Faraj bin Barƙuƙ ya naɗa shi alƙalin Malikawa na Makka. Shi ne na farko da ya riƙe wannan kujera a matsayin alƙali mai cin gashin kansa, domin a da alƙalin Shafi'awa ne yake da garin. Yana da shekara 32. A wancan zamani kowace mazhaba tana da wurin tsayuwar limaminta a gefen Ka'aba, ana sallah jam'i bayan jam'i, na Malikawa yana ta yamma. Haka aka ci gaba har Sarki Abdul'aziz ya karɓi Makka a 1924, daga baya aka haɗa kowa bayan limami ɗaya. Ke nan duk Bamaliken da ya iso daga Maroko ko Mali ko Barno a kwanakin Alfasi, in rigimar gado ko ta aure ta taso masa a Makka, akwai alƙalin da ya san littattafan da aka karantar da shi a gida.

Bayan shekara bakwai aka ƙara masa wani aikin. Sarkin Bangala, Giyasuddin A'azam Shah, ya aiko da dukiya daga can gabashin Indiya aka gina makaranta kusa da ƙofar Ummu Hani, aka buɗe ta a 814. Alƙalan mazhabobi huɗu aka sa su karantar a ciki, ɗalibai 60: Shafi'awa 20, Hanafawa 20, Malikawa 10, Hambalawa 10. Alfasi ne malamin Malikawa. Mun san adadin ɗaliban da yadda aka raba su da gonakin da aka saya aka yi waƙafi domin ciyar da su saboda shi da kansa ya rubuta. Makarantar ta daɗe da ɓacewa, wurin ya shige cikin Harami.

Littafinsa na farko cikin manyan biyun shi ne Shifa'ul Garam, mai babi 40. A nan ne ake ganin irin aikinsa. Ya ɗauki abin da Azraƙi ya faɗa game da tsawon Ka'aba da faɗinta da nisan da ke tsakanin ƙofofin Masallaci da alamomin iyakar Harami, amma bai kwafa ya wuce ba. Ya fita da igiya ya auna da kansa. A 814 ya shiga cikin Ka'aba ya auna ta. Yana ba da awon da kamu iri biyu, na hannu da na ƙarfe irin wanda masu sayar da yadi suke amfani da shi, ya nuna inda nasa ya dace da na Azraƙi da inda suka saɓa. Ya bi makarantu da gidajen saukar baƙi na waƙafi da rijiyoyi da wuraren shan ruwa na sadaka ɗaya bayan ɗaya, yana karanta rubutun da aka sassaƙa a kan dutsen ƙofa: wanda ya gina, shekarar da aka gina, da waɗanda aka yi dominsu. Wani gidan na mutanen Farisa ne, wani na matan da ba su da mai kula da su, wani na Malikawan yamma. Inda ya ga takardar waƙafin da idonsa yakan faɗa. Ya tattara shekarun da ambaliya ta shiga Masallaci, da shekarun tsadar abinci da na araha, da na annoba, da abin da ya faru a aikin hajjin shekaru daban-daban. A nan ne ya kawo zuwan Mansa Musa, wanda ya kira Sarkin Takrur, a 724, da mutane fiye da 15,000 tare da shi.

Wani abin da ya faru a zamaninsa ya nuna amfanin irin wannan ƙwaƙƙwafi. A ƙarshen Shawwal na 802, wato 1400, wuta ta tashi a wani gidan baƙi da ake kira Ramisht, wanda yake manne da Masallaci. Ta kama rufin, ta cinye ɓangaren yamma gaba ɗaya da wani sashe na arewa, ginshiƙan marmara wajen 130 suka farfashe. Aka turo Amir Baisaƙ daga Masar ya sake ginawa da dutsen Makka, amma rufi ya tsaya saboda rashin katako, sai a 807 aka kammala da itacen da aka saro daga duwatsun Ɗa'if. Wanda duk yake son ya san kamannin Masallacin Harami kafin Turkawa su sake shi da ƙubbobi a ƙarni na 16, ga Alfasi zai koma.

Abin da ya fi burge ni a Shifa'ul Garam shi ne ƙarfin halinsa a kan abin da mutane suke so su ji. Makka gari ne da ake nuna wa baƙo wurare ana cewa nan ne kaza, can ne kaza, baƙo kuma yana son ya gaskata domin ya sha wuya kafin ya iso. Alfasi ɗan gari ne, Sharifi, alƙali, da ya yi shiru babu mai tuhumarsa. Amma ya rubuta cewa a Makka da kewayenta bai san kabarin wani Sahabi da aka tabbatar da ainihin wurinsa ba sai na Nana Maimuna a Sarif. Game da Nana Khadija, babu shakka a maƙabartar Mu'alla take, amma ya ce gurbin da ake nunawa ba shi da madogara mai ƙarfi. Mai son garinsa da gaske ne kawai yake iya faɗin irin wannan, domin ya yarda darajar wurin ba ta bukatar ƙari.

Littafi na biyu, Al'iƙdus Samin, shi ne babban aikinsa. Tarihin mutane ne, sama da 3,500, an jera su bisa haruffa, sai dai ya gabatar da masu suna Muhammad saboda girman sunan, ya ware wa mata sashensu a ƙarshe. Tambayar da ya fara warwarewa ita ce wane ne mutumin Makka, kuma amsarsa mai faɗi ce ƙwarai. Ya sa Sahabban da suka fito daga Ƙuraishawa, da sarakunan garin, da alƙalai da limamai da ladanai da masu riƙe mabuɗin Ka'aba. Ya sa wanda ya zo daga wata ƙasa ya zauna shekaru yana maƙwabtaka da Ɗakin Allah. Ya sa wanda ya mutu a can ko da baƙo ne. Ya sa sarkin da bai zauna a garin ba amma ya gina makaranta ko ya gyara hanyar ruwa. Ya sa fatake da masu sana'a. Wani ya sami shafi da yawa, kamar Sharif Hasan bin Ajlan da ya mulki Makka a yawancin rayuwar Alfasi. Wani kuma layi biyu ne kacal, domin abin da Alfasi ya sani game da shi bai wuce abin da ya karanta a kan dutsen kabarinsa a Mu'alla ba: sunansa, sunan ubansa, garin da ya fito, ranar da ya rasu. Ya rubuta hakan, ya faɗi cewa daga dutsen ya samo.

Ka yi tunanin alƙalin gari yana yawo tsakanin kaburbura da tawada da takarda, yana durƙusawa yana share ƙura daga dutse domin ya karanta sunan mutumin da ya mutu shekara 200 kafin a haife shi, wanda ba danginsa ba ne, ba malaminsa ba, ba kuma wanda zai gode masa. Mai kalan hatsi bayan an gama girbi haka yake yi, yana tsintar zangarniyar da masu gona suka raina, har ya tara dami. Yau babu rubutu a kan kaburburan Mu'alla. Wasu daga cikin duwatsun suna ajiye a gidajen tarihi na Saudiyya, da yawa kuma sun salwanta, sai abin da ya shiga littafinsa.

Ba zan ce ba shi da ɓangare ba. Da ya zo kan Ibn Arabi, wanda ya zauna a Makka ya fara littafinsa Futuhat a can, sai ya tara fatawoyin malaman da suka soke shi ya jera, har da ta malaminsa Ibn Khaldun. Wanda yake ƙaunar Ibn Arabi ba zai ji daɗin waɗannan shafukan ba, kuma yana da hujjar cewa alƙalin ya rinjayi masanin tarihin a wurin. Haka kuma wanda ya zo neman irin zurfin nazarin Ibn Khaldun, na dalilin tashin dauloli da faɗuwarsu, ba zai samu ba. Alfasi mai tarawa ne da tantancewa. Sannan yana da wata ɗabi'a da take wahalar da masu bincike har yau: ya taƙaita Shifa'ul Garam, ya taƙaita taƙaitawar, ya sake taƙaita wannan, kowanne da sunansa, Tuhfatul Kiram da Tahsilul Maram da Azzuhurul Muƙtaɗafa da sauransu. Ina jin alhazai ya duba, domin mai komawa Fas ko Tabriz a kan raƙumi ba zai ɗauki mujalladi da yawa ba, kuma kowane kwafi da hannu ake rubuta shi. Ya kuma yi aiki a fagensa na asali, inda ya rubuta Zailut Taƙyid a kan maruwaitan manyan littattafan hadisi.

Ƙarshen rayuwarsa da wuya ya zo. Kujerar alƙalanci a zamanin Mamalik, sarakunan Masar, abar takara ce, an sauke shi an mayar fiye da sau ɗaya. Dama idonsa ba shi da ƙarfi, a 828 ya makance, aka cire shi. Ya tafi Alƙahira ya nemi fatawar malaman Malikiyya a kan ko makanta tana sauke alƙalin da ya hau yana gani, aka mayar da shi na ɗan lokaci, sannan aka sake cirewa. Bai daina aiki ba, yana faɗa ana rubutawa, ana karanta masa yana gyarawa. A waɗannan shekarun ne kuma Sarki Barsbai na Masar ya ɗora hannu a kan kuɗin fiton Jidda, jiragen ruwan Indiya suka fara wuce Adan suna sauke kaya a can, arzikin Sharifai da 'yancinsu suka shiga wani sabon hali. Ya ga farkon wannan sauyi ne kawai. Ya rasu a Shawwal na 832, wato 1429, aka binne shi a Mu'alla.

Tasirinsa na farko a cikin garin ya bayyana, ta hannun gida ɗaya, gidan Ibn Fahad. Taƙiyuddin Ibn Fahad almajirinsa ne, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa. Ɗan wannan Ibn Fahad, Najmuddin Umar, wanda yake ɗan shekara 20 lokacin rasuwar Alfasi, ya rubuta Addurrul Kamin ya ɗora daga inda Al'iƙdus Samin ya tsaya, sannan ya yi abin da Alfasi bai yi ba, ya jera labarin Makka shekara bayan shekara tun daga haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har zuwa 885, shekarar da shi kansa ya rasu. Wannan shi ne It'haful Wara. Ɗansa Izzuddin Abdul'aziz ya karɓa daga watan da uban ya tsaya, ya riƙa rubutawa wata bayan wata har 922, yana faɗin wanda ya mutu, wanda ya yi aure, jirgin da ya iso Jidda, da kuɗin da ake sayar da alkama. Shi ma ɗansa Jarullah ya ɗora daga 923, shekarar da Makka ta koma hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa. Garin da ya yi ƙarni biyar ba marubuci sai ga shi yana cikin garuruwan Musulmi da aka fi sanin rayuwarsu ta yau da kullum a ƙarni na 15. Bayan su Ƙuɗubuddin Annahrawali, da ya rasu a wajen 1582, ya rubuta tarihin Masallacin Harami yana jingina da Alfasi. A waje kuma, wanda ya buɗe Addau'ul Lami'i na Sakhawi zai yi ta cin karo da sunan Alfasi a ƙarshen tarihin mutanen Makka, kuma da Sakhawin ya tashi rubuta tarihin mutanen Madina, tsarin Al'iƙdus Samin ya bi.

Sunansa ya iso ƙasashenmu ta hanyar mazhaba. Ahmad Baba na Tumbuktu, da ya rasu a 1627, ya sa shi cikin malaman Malikiyya a Nailul Ibtihaj, littafin da malaman Kano da Katsina da Sakkwato suka sani. A cikin littafin nan ne kuma aka kawo labarin Aida Ahmad Attazakhti, wanda Katsinawa suke kira Ɗan Takum. Ya je gabas ya yi karatu a Masar, ya karɓi ijaza a Makka daga Abul Barakat Annuwairi, mai sunan gidan da mahaifiyar Alfasi ta fito, sannan ya dawo ya zama alƙalin Katsina, ya rasu a wajen 1529. Shekara 100 ke nan bayan Alfasi, kuma zaren karatun bai tsinke ba tsakanin zaurukan Makka da na ƙasar Hausa.

Ɗab'i ya zo masa ta wata hanya dabam. Wani Bajamushe, Ferdinand Wüstenfeld, ya buga tarihohin Makka a birnin Leipzig tsakanin 1857 da 1861, mujalladi huɗu, na biyunsu yana ɗauke da zaɓaɓɓun sassa na Fakihi da Shifa'ul Garam. Cikakken Shifa'ul Garam bai fito ba sai a 1956 a Alƙahira. Al'iƙdus Samin ya biyo baya a mujalladi takwas cikin kusan shekara goma, Muhammad Hamid Alfiƙi ya fara, Fu'ad Sayyid ya yi mafi yawan aikin ya rasu bai ƙarasa ba, Mahmud Aɗɗanahi ya kammala na takwas a 1969. Jami'ar Ummul Ƙura ta buga It'haful Wara daga 1983. Da waɗannan suka shiga hannu sai bincike ya buɗe. Richard Mortel, wanda ya koyar a Riyad, ya fitar da nazari a kan farashin kaya a Makka zamanin Mamalik da kan makarantunta da gidajen baƙinta, John Meloy kuma ya rubuta littafi a 2010 a kan dangantakar Makka da Alƙahira da cinikin teku. Akwai ma wata riba da Alfasi bai yi zatonta ba. Rabin farko na littafin Fakihi ya ɓace, rabi na biyu ne kawai ya tsira a kwafi guda a Leiden ta ƙasar Holan. Da Abdulmalik bin Duhaish ya zo buga shi, sai ya bi littattafan da suka ciro daga ɓataccen rabin yana tattarawa, kuma na Alfasi suna kan gaba a cikinsu.

Yanzu mu sauko Shara Mansur, yamma da Harami, inda Bahaushe yake jin kamar yana Fagge ko Sabon Garin Zariya. A nan da Hindawiyya da Ɗandabawi da Jarwal da Misfala mutanenmu suka yi gida. Zuwansu ya daɗe. Muhammad Alkashnawi ya zauna a Makka ya yi rubutu a can kafin ya koma Alƙahira ya rasu a 1741. Amma babban kwararowa ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da dubban mutane suka yi gabas don kada su zauna ƙarƙashin Nasara. Wasu suka tsaya a Mai Wurno a bakin Kogin Nilu, wasu suka yi shekaru suna noman auduga a Sudan suna tara kuɗin jirgi, suka haye daga Sawakin zuwa Jidda. Waɗanda suka iso suka yi dako, suka yi ga-ruwa, suka tura alhazai marasa ƙarfi a ɗawafi, suka yi wanki da gini da sayar da tsire, suka buɗe makarantun allo, suka yi karatu a zaurukan Harami. Jikokinsu da yawa 'yan ƙasa ne masu sunan Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Usama Hausawi, kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, haifaffen Makka ne. Wasu kuma an haife su a can, an haifi iyayensu a can, har yau a kan takardar iƙama suke, ko babu ita ma.

In aka bi sharaɗin Alfasi, duk waɗannan mutanen Makka ne: sun zauna, sun yi maƙwabtaka da Ɗakin Allah, sun mutu a can. Malamin da ya karantar da Risala da Ishiriniya shekara 40 a wani lungu na Mansur ya cancanci shafinsa, haka ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, haka mai masaukin da alhazan Gobir ko na Damagaram suke sauka a wajensa tun kafin a san hukumar alhazai. Masu bincike sun taɓa gefen labarin, Bawa Yamba a kan mazauna Sudan, Chanfi Ahmed a kan malaman Afirka ta Yamma a Makka da Madina, amma da Turanci, kuma manyan sunaye suka fi bi. Abin da ake bukata shi ne irin aikin Al'iƙdus Samin, suna bayan suna, da Hausa ko da Larabci, kuma ɗan unguwa ne zai iya shi, domin shi ake buɗe wa ƙofa.

Sai dai kayan aikinsa ba za su zama irin na Alfasi ba. Babu dutsen kabari da zai karanta. Gine-ginen ma suna tafiya: aikin buɗe babbar hanyar Sarki Abdul'aziz daga yammacin gari zuwa Harami ya bi ta kan waɗannan unguwanni, an rushe gidaje masu yawa, iyalai sun watse zuwa bayan gari da Jidda, wasu an dawo da su Nijeriya da Nijar. Abin da ya rage shi ne tsofaffin fasfo da takardun iƙama a cikin akwatuna, da ijazozin da malamai suka rubuta wa almajiransu, da wasiƙun ajami da aka aiko gida da hannun alhazai, waɗanda wasunsu suna Kano da Gusau da Maraɗi a cikin gafaka, da kasakasan wa'azi, da kuma tsofaffin da suka tako ta Fort Lami da Aljunaina da ƙafarsu suna yara. Waɗannan na ƙarshe sun haura shekara 80, kuma su ne kaɗai za su iya cewa wane ɗan wane ne, daga wane gari ya taso, a wace shekara ya iso, da wanda ya yi masa sallah.